Babi na Shida: Mai Zuwa, Mai Dawowa

Ranar Asabar, 7 ga Oktoba 2017, gidan kallon ƙwallon da nake zuwa a Rano ya cika har bakin ƙofa. Manya sun matsu a kan benci, yara sun zube a ƙasa gaban talabijin, janareta na ta ruri a bayan rumfa. Najeriya ce ke karawa da Zambiya a Uyo, kuma kowa ya san lissafin: in muka ci, mun sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Rasha. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, har ma Zambiya ta jefa ƙwallo a ragarmu alƙalin wasa ya ce satar gida ce. Da aka dawo ma wasan bai saki ba. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tsaki.

A minti na 74 ƙwallo ta je ƙafar Victor Moses a gefen dama. 'Yan bayan Zambiya suna shirin tare shi, sai ga wani ya taho a guje daga baya. Moses ya tura masa, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya mayar da ita ƙasa-ƙasa cikin yadi na 18. Alex Iwobi, wanda ya shigo daga benci, ya sa mata ƙafa, sai raga. Rumfar ta kaure da ihu, ana rungumar juna, ana kiran sunan Iwobi. Da wannan ƙwallo ɗaya Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta sami tikitin Rasha.

Kusa da ni akwai wani dattijo da ya taɓa buga wasa a ƙuruciyarsa, yanzu yana horar da yaran unguwa, kowa Koci yake ce masa. Da ƙura ta lafa aka sake nuna cin, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam, bar kallon wanda ya zura. Dubi wanda ya kawo ta. Daga ina ya taso?” Na duba. Ɗan baya ne, mai tsaron gefen dama, wanda tun farkon wasa yake fama da 'yan gaban Zambiya. Shehu Abdullahi ne, ɗan Sakkwato.

A babin da ya gabata mun yi magana a kan masu cin ƙwallo, waɗanda yara ke rubuta sunansu a bayan riga. Wannan babin na irin su Shehu ne: ɗan wasan da ke zuwa gaba in ƙwallo tana hannunmu, ya dawo baya in ta ƙwace, kuma a kowane ɓangare a same shi da amfani. Ina ganin babu wanda ake tauye wa haƙƙi a hirarmu ta ƙwallo kamarsa, alhali babu wanda masu horarwa suka fi riƙewa da hannu biyu.

Minti huɗu da ƙwallo, saura fa?

Mu fara da ɗan lissafi. Wasa minti 90 ne, 'yan wasa 22 ne. Ko da ƙwallo ba ta taɓa fita waje ba, aka raba ta daidai wa daida, kowa minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi zai samu. To ina ɗan wasa yake a sauran mintuna tamanin da wani abu? A nan ake gane ƙwararre. Mai kallo idonsa na bin ƙwallo, koci kuwa idonsa na kan waɗanda ba sa tare da ita: wa ya buɗe don a ba shi, wa ya toshe hanya, wa ya tsaya yana kallo.

Lokacin da ya fi kowane haɗari a wasa shi ne ƙiftawar idon da ƙwallo ke ƙwacewa. A wannan lokacin 'yan wasanka sun watsu, 'yan gefe sun hau, 'yan tsakiya sun matsa gaba, gida ya rage mutum biyu ko uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan wasa mai zuwa da dawowa shi ne wanda tun yana kai hari yake tunanin wannan tsagar. In ya ga ƙwallo ta ƙwace kusa da shi, nan take yake afka wa wanda ya ƙwace don ya hana shi ɗaga kai. In ta yi masa nisa, ba ya bin ta a banza, sai ya yanko hanya ya koma tsakanin abokin hamayya da ragarsa. In kuma shi ya ƙwato, ba ya bugawa sama don kawai ya huta, yana neman ƙafar da za ta mayar da tsaro ya zama hari.

Wannan aiki na buƙatar abu uku. Akwai numfashi, don wanda zai yi zirga-zirga tsakanin ragogi biyu har a tashi ba ya yi da ƙirjin da bai sha gudu ba. Akwai karatun wasa, wato sanin lokacin tafiya da lokacin zama, domin ɗan bayan da ke hawa a kowane hari ɓarna yake yi. Na ukun shi ne ya fi wuya: zuciyar da za ta yarda ta yi gudun da babu mai tafa masa.

Wata yamma a filin firamare

Na ga yadda ake dasa wannan zuciya da idona. Bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hunturu ya fara busawa, samarin yankinmu kan shirya wasannin sada zumunta tsakanin garuruwa. Wata yamma bayan la'asar wata ƙungiya daga Kibiya ta zo Rano, suka sauko daga bayan a-kori-kura da takalmansu a rataye a wuya. Filin makarantar firamare ne, ƙasa ce jajir babu ciyawa, an ja layi da toka. Yaran dattijon nan ne masu masaukin baƙi.

Yana da wani yaro mai buga lamba 7, siriri, mai ƙafa kamar walƙiya. Ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya yanke ɗaya, ya yanke na biyu, 'yan kallo suka ɗauki sowa. Ya nemi ya yanke na uku, aka zare ta daga ƙafarsa. Sai ya tsaya cak, ya riƙe ƙugu, yana kallon sama. 'Yan Kibiya kuwa ta gefensa suka bi. Mutum biyu suka haɗu wa ɗan bayansa shi kaɗai, aka kwaso ƙwallo cikin gida, aka sa mata kai, ta shiga.

Da aka tafi hutu, yara suka zauna a gindin dalbejiya ana miƙa musu ruwan leda. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna gaban yaron ya ce, “Ɗana, da aka ƙwace maka ƙwallo, ina ka tafi?”

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Koci, ai ni ɗan gaba ne.”

“To. A gonar babanka, wanda ya yi shuka, in ciyawa ta taso cewa yake shi mai shuka ne, ba ya noma?”

“A'a, Koci.”

“In tsuntsaye suka sauka a kan dawa, cewa yake a kira mai kora?”

Yaron ya yi shiru. Dattijon ya ce, “Daga yau lamba 2 za ka buga min, sai ka ji abin da ɗan'uwanka yake ji in ka bar shi da mutum biyu.”

Haka aka yi. Makonni yaron yana baya, yana cika yana batsewa. Da aka mayar da shi gaba, ya zama wani mutum dabam. Yankansa na nan, amma in ƙwallo ta ƙwace, kafin wanda ya ƙwace ya juya ya riga ya iso masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk wanda ya taɓa yin langa a dandali ya san wannan darasin tun kafin ya taɓa ƙwallo: wanda ke ture abokan hamayya, shi ne dai ke kare ruwansu har ya kai ga sha.

Ɗan Sakkwato a hannun masu horarwa

An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato a 1993. Mutanen Kano sun san shi ne a Kano Pillars, a zamanin da Masu Gida suka ci kofin gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A filin wasa na Sani Abaca da ke Ƙofar Mata sunan Rabi'u Ali da Gambo Muhammad aka fi kira, domin su ke zura ƙwallo. Shehu a tsakiya aka fi saninsa, yana ƙwato ƙwallo yana miƙa wa masu gyara ta. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu a 2014, inda Najeriya ta zo ta uku, bayan ta farfaɗo daga ci 3 da nema ta doke Maroko 4 da 3.

A gasar Olamfik ta 2016 a Brazil, Samson Siasia ya ajiye shi a baya ta dama. Ƙungiyar ce da ta sauka a Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko, ta kuma doke Japan 5 da 4, daga ƙarshe ta ci Honduras 3 da 2 ta ɗauki tagulla, lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samo a wannan gasa. Gernot Rohr, kocin Najeriya a lokacin wasan Zambiya, ya ci gaba da sa Shehu a wannan gurbi, kuma daga nan ne ya taso ya kai wa Iwobi ƙwallon Uyo. Ƙwallo ta kai shi Kuwait da Portugal da Cyprus da Turkiyya, inda ya buga wa Bursaspor, kuma a can ma ana sa shi tsakiya ana sa shi baya gwargwadon buƙata.

Me koci ke samu a irin wannan ɗan wasa? Na farko, yana iya sauya tsarin wasa ba tare da ya taɓa benci ba. In ɗan tsakiya ya ji rauni ko aka ba shi jan kati, sai ya ɗaga hannu ya nuna wa mutum ɗaya ya matsa ciki, rami ya toshe. Na biyu, ɗan tsakiyar da aka mayar baya yana zuwa da natsuwarsa. Ya saba karɓar ƙwallo mutane na kewaye da shi, don haka in an matsa masa a gefen layi ba ya ruɗewa. Na uku, yana 'yantar da tauraro. Moses ya sami sukunin shiga ciki ya yi yanka ne saboda ya san akwai mai zagayowa ta gefensa in ana hari, mai tare masa baya in ta ƙwace. Na huɗu, a manyan gasa inda aka ƙayyade yawan 'yan wasan da za a tafi da su, mutum ɗaya mai riƙe gurbi biyu ya ba koci damar ɗaukar ƙarin ɗan gaba.

Shi kansa Moses labarinsa darasi ne. Chelsea ta yi shekara uku tana ba da aronsa, daga Liverpool zuwa Stoke zuwa West Ham, ana ganin ɗan gefe ne mai gudu wanda bai kai ya riƙe gurbi ba. A watan Satumba 2016 Arsenal ta lallasa Chelsea 3 da nema, sai Antonio Conte ya sauya tsari, ya sa 'yan baya uku, ya damƙa wa Moses gefen dama gaba ɗaya, daga wannan tuta zuwa waccan. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta ɗauki kofin Firimiya a 2017. Ƙafar Moses ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne ya sami kocin da ya hango cewa gudun da yake yi zuwa gaba zai iya yin sa zuwa baya, shi kuma ya yarda ya koya.

Kura da shan bugu

Sai dai wannan baiwa tana da tsada, kuma mai ita ne ke biya. A Rasha, ranar 16 ga Yuni 2018, Shehu ya fara wasan da Croatia ta ci mu 2 da nema. Kwana shida bayan haka, a wasan Iceland, Rohr ya ari dabarar Conte: 'yan baya uku, Moses ya riƙe gefen dama shi kaɗai. A minti na 49 Moses ya taso da ƙwallo a guje ya aika wa Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Pillars, wanda ya sauke ta ya ɗirka a raga, daga baya ya ƙara ta biyu. Dabara ta yi kyau, amma wanda ya rasa gurbinsa shi ne Shehu, mutumin da ya kai ƙwallon da ta kawo mu gasar. Wanda ke iya buga ko'ina, sau da yawa shi ake fara ɗagawa in za a yi gyara, domin babu kujerar da aka rubuta sunansa a kai.

Akwai kuma tsadar da John Mikel Obi ya biya. A gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, shi ne ya zo na biyu a jerin gwanayen gasar, Lionel Messi kaɗai ke gabansa, kuma a lokacin mai shirya hari ne. A Chelsea José Mourinho ya zaunar da shi gaban 'yan baya. Ya ci kofuna, har da na Zakarun Turai a 2012, amma a fiye da shekara goma ƙwallo ɗaya tal ya ci a gasar Firimiya. Har gobe ana musu a gidajen kallo ko gyara shi aka yi ko rage shi. Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da hujja a nan. Ni abin da na ɗauka shi ne, ɗan wasa amana ne a hannun koci. Koya wa mai kai hari tsaro ƙari ne, amma in aka kulle shi a baya har ya manta hanyar gaba, an karɓe masa rabin dukiyarsa.

Wanda ya fi kowa nuna cewa ana iya riƙe biyun shi ne Garba Lawal na Kaduna, wanda ake kira Cindo. Yana cikin waɗanda suka ci zinare a Atlanta a 1996, ya yi shekaru a Roda JC ta ƙasar Holan, ya je gasar kofin duniya ta 1998 da ta 2002. Masu horarwa na zuwa suna tafiya, kowa ya zo sai ya sami inda zai sa shi: gefen hagu, tsakiya, ko baya. A wasan Sifaniya na 1998 kowa na tuna tsawar da Sunday Oliseh ya yi daga nesa muka ci 3 da 2. Kaɗan ne ke tuna cewa Garba ne ya kutsa ta hagu ya buga ƙwallon da ta kuɓuce wa mai tsaron gida Zubizarreta ta shiga, aka dawo 2 da 2. Ba don wannan ba, da ƙwallon Oliseh ba ta zama ta nasara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda ake ba su kofi

Akwai wasan da ya daɗe da gyara wannan rashin adalci. A Kanada da Amurka ana buga hoki a kan ƙanƙara, mutum shida-shida har da mai tsaron gida, da sanduna a hannu da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Saurin wasan ya sa ana sauya 'yan wasa kusan kowane minti, wasa na gudana. Saboda haka koci yakan ware ɗan gaba guda wanda ya fi amincewa da shi. Duk lokacin da gwanin abokan hamayya ya shigo, sai ya turo shi ya riƙe shi. In an kori ɗan wasansu na minti biyu suka rage, shi ake sawa ya tare gida. In abokan hamayya ne suka rage, shi ne dai ake sawa ya nemo ci.

Tun 1978 babbar gasarsu ke ba da kofi na musamman, mai suna Selke, ga ɗan gaban da ya fi iya tsaro. Bob Gainey na Montreal ya ɗauki huɗun farko a jere. Patrice Bergeron na Boston ya ɗauka sau shida kafin ya yi ritaya a 2023. A 1994 Sergei Fedorov na Detroit ya haɗa wannan kofi da na gwarzon gasar baki ɗaya, kuma kocinsa Scotty Bowman ya taɓa mayar da shi ɗan baya. Yaron da ya tashi a can ya san cewa dawowa baya hanya ce ta suna.

Mu fa? A duk gasar da ake shiryawa a Rano da Kibiya, ko a Rurum da Tarai, ranar rufewa akan kira wanda ya fi cin ƙwallaye, a kira mai tsaron gida, wani lokaci a kira gwarzon gasa, wanda galibi shi ne dai mai cin ƙwallayen. Yaro kuwa abin da ya ga ana yabawa shi yake koya. In muna son filayenmu su fitar da wani Shehu ko wani Garba, sai masu shirya gasa su ƙara kyauta ɗaya, ko da takalmi ne ƙafa ɗaya, masu horarwa su zaɓi wanda ya fi wahalta wa ƙungiyarsa gaba da baya, a kira sunansa a lasifika gaban hakimi da iyayensa. Masu horar da yara kuma kada su yi saurin liƙa wa ɗan shekara goma sha biyu lamba. A bar shi ya ɗanɗani baya da tsakiya da gaba kafin a yanke masa wurin zama.

Mu 'yan kallo ma da namu. Ranar da aka je fili, a gwada ɗauke ido daga ƙwallo na minti biyar, a zaɓi ɗan wasa ɗaya a bi shi da kallo. In ka ga yaro ya taso daga ragar abokan hamayya ya yi gudun fili guda don ya tare ƙwallon da ba shi ya zubar ba, ka tafa masa da ƙarfi yadda zai ji, ka tambayi sunansa.

Yaron nan mai lamba 7 yanzu ya girma, shi ke taya dattijon horar da ƙanana. Kwanan baya na bi ta filin da yamma na ji muryarsa tana tashi cikin ƙura, yana yi wa wani ƙaramin ɗan gaba tsawa: “Dawo! Dawo, ƙanena, ba a gama ba!” A babi na gaba za mu koma ga mutumin da duk wannan dawowar ake yi dominsa, wato mai tsaron gida.